Wasiƙar Rafin Pauwa

Malama Tabita ɗiyar wani manomi ce mai suna Ɗanhausa, daga wata unguwar Maguzawa kusa da Pauwa. Ita ce mace ta farko a unguwarsu da ta gama kwalejin horon malamai. A shekarar 1976, da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, aka turo mu Ƙanƙara tare. Ni horon gaggawa na samu, ita kuwa ta ƙoshi da Turanci, don haka bayan an tashi yara mu malamai muke zama ɗalibanta.

Jan biro take riƙewa. Duk kalmar da ka rubuta sau biyu a layi ɗaya sai ta zagaye ta. Takan ce, "Malam Hadi, mu in za mu ƙarfafa magana maimaitawa muke, mu ce maza-maza, mu ce ƙwarai da gaske. Turanci ba ya son haka. Ka ambaci mutum sau ɗaya, sannan ka bar wakilin suna ya ɗauke shi. Abin da ya fi maka ciwo kuma, ka kawo shi farkon jimla." Ita ta nuna mini yadda ake ɗaure zance da zance da kalma guda, mai karatu ya bi ka ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Damina ta biyu, rafin da ke tsakanin Pauwa da babbar hanya ya cika. Wata mata mai suna Larai tana naƙuda, aka ɗauko ta a amalanke za a kai asibiti, ruwa ya hana su ƙetarawa. A bakin rafin ta haihu. Jaririn ya rayu, ita ba ta kai la'asar ba.

Bayan sadakar bakwai, Alhaji Mani, dattijon Pauwa, ya zo makaranta da wasiƙa shafi huɗu da aka rubuta wa ma'aikatar ayyuka a Kaduna. Sau uku suna aikawa, shiru. Malama ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓa ta karanta. Kalmar wahala ta fito sau goma sha bakwai.

Kwana biyu tana aikin. Da ya dawo ta miƙa masa rabin shafi. Ya juya takardar, ya ga bayanta fari.

"Ɗiyata, mi ke nan? Ina sauran kukan namu?"

"Yana ciki, Baba. Bari in fassara maka."

Jimlar farko ta ce: a bakin wannan rafi Larai ta rasu, mil shida kacal daga likita. Ta biyu ta haɗa hatsin da ke ruɓewa da yaran da ba sa zuwa makaranta, ta nuna duk ruwa ɗaya ne ya tare su. Ta uku ta roƙi gada.

Alhaji Mani ya saurara har ƙarshe. Can ya share ido da bakin rawani, ya ce a kawo tawada ya dangwala.

Da kaka wani injiniya ya zo da Landirofa, wasiƙar na cikin fayil ɗinsa. Ba su sami gadar ba. Kwalbati aka yi musu, mai faɗin mota ɗaya, amma amalanke na wucewa ko a tsakiyar Agusta. Da injiniyan ya tambayi wanda ya rubuta, Malama ta ce maganar dattawa ce, ita shara kawai ta yi mata.

Daga baya aka mai da ta Faskari, sannan Sabuwa, inda ta yi ritaya tana noman masara. Jaririn Larai kuwa, Lawwali, ta koyar da shi a aji shida kafin a ɗauke ta daga Ƙanƙara.