Ka Bar Faki a Tasha, Yaya Shomari

Ranar Alhamis, bakwai ga watan Maris, ina gaban kasko ina soya vitumbua, wainar shinkafarmu, na riga na fito maka da kujerarka, sai ga matarka Zuhura ta shigo ba takalmi a ƙafarta. Kujerar ta kalla, ni ma na kalla, a nan na gane. Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa.

Mutanen garinmu Tanga sun san ka da Shomari Mwakilo, mai rubuta wasan talabijin na Gidan Bi Tatu, gidan hayar nan da aljanu da mutane ke layin banɗaki ɗaya. Ni ƙanwarka Mwanaidi ban yi nisa a makaranta ba, amma kunnena ne ke fara jin kowane labari. Duk Alhamis kana zaune kana ba ni, ina suya. In na shagala har abin kasko ya ƙone, sai ka ce, "Ya yi." In bai ƙone ba, ka tafi ka sake.

Tun da ka rubuta an gyara famfon Bi Tatu, sai ga namu na layi da ya daɗe a bushe ya kawo ruwa, mutane suka hana ka sakat. Wata mai kifi ta tare ka a kasuwa ta ce, "Malam, don Allah rubuta mijina ya samu aiki." Ka ce, "Mama, da aljanu nake iyawa, mijinki ya fi ƙarfina." Amma ka rubuta, ya kuma samu. Sai daga baya na ji kai ne ka yi ta zarya tashar jiragen ruwa kana roƙar masa. Famfon ma haka. Ba ka taɓa rubuta abu ba sai ka fara taka masa da ƙafarka.

Da ɗana Kibwana ya tafi Afirka ta Kudu neman aiki muka daina jin ɗuriyarsa, sai ka sa wani saurayi a wasan, Faki, wanda ya bar uwarsa. Har tabon goshin Kibwana ka ba shi. Na san Allah ne mai yi, Yaya, amma uwa ce ni. Na roƙe ka ka dawo da Faki gida a wasan, na yi fushi, na hana ka shayi. Ka ce, "Mwanaidi, in ya dawo a talabijin, ƙofarki kuma shiru, da wane ido zan dube ki?"

To, a kashin ƙarshe da aka nuna, sai ga Faki a tashar mota da jakarsa, yana tambayar motar gida. Na fita tsakar gida na dawo, na sake fita. Me ka ji game da Kibwana? Wa ka gani? Na ce bari Alhamis ta zo in tsare ka.

Na tambayi Zuhura, ba ka gaya mata komai ba. Na je wurin abokan aikinka, sun ce za su ba wani ya ƙarasa wasan. Ya ƙarasa da me? Shi alƙalami kawai zai ɗauka. Har yanzu in mota ta tsaya a bakin layi sai na bar kasko na leƙa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka takun da ka yi wa mutane ba su sani ba. Zuhura, da 'ya'yanku Mwajabu da Hemedi, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Faki yana nan a tasha, ba ka sa shi a mota ba. Kibwana kuma bai dawo ba.