Telesia Auvaa da Sunayen Masu Sarauta

An haifi Telesia Auvaa a shekarar 1941 a Safotu, tsibirin Savaii, ƙasar Samowa. Mahaifinta Sakaria malamin coci ne, mahaifiyarta Luisa kuwa masaƙiyar tabarma.

Karatu

Ta fara karatu a makarantar mishan, ta ci gaba a Apia, babban birnin ƙasar. A 1963 aka tura ta Niyuzilan, inda ta koyi ƙa'idojin tsara littattafai: kowane littafi da katinsa, kowane marubuci da suna ɗaya tak, sunan dangi a gaba.

Aiki

A 1965 ta kama aiki a ɗakin karatu na wata kwalejin malamai a Apia, tana buga katuna bisa abin da aka koya mata. Bayan shekara biyu, wani dattijo mai sarauta, Tuala Peniamina, ya zo neman littafin tarihin da mahaifinsa ya wallafa, ya iske an sa marigayin ƙarƙashin sunan yanka, ba sarauta. Telesia ta bayyana masa cewa haka ƙa'ida ta tanada.

"'Yata," in ji shi, "ko uwarsa ta daina kiransa da wannan suna tun ranar da aka naɗa shi. Ke da tafiretarki kin tuɓe shi?"

Ta ba shi haƙuri. Daga wannan shekara ta soma sa sarauta a gaba, tare da ƙarin kati ga duk sunan da marubuci ya taɓa amsawa, domin mutum ɗaya yakan riƙe sarauta uku a rayuwarsa. Tsarin ya saɓa wa na ƙasashen waje, shugabanninta kuma sun gargaɗe ta, ba ta fasa ba.

Aure

A 1969 ta auri Iakopo Masoe, direban motar haya, wanda yakan tsokane ta da cewa shi kaɗai ne a gidan ba a buga wa lamba a gadon baya kamar littafi ba. Sun haifi 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu yana jariri.

Zuwan kwamfuta

A 1988 kwalejin ta samu kwamfuta, sabon shugaba ya nemi a sayo bayanan littattafai shiryayyu daga waje, abin da zai shafe tsarinta. Telesia ba ta taɓa taɓa na'urar ba, amma ta roƙi a bar ta ta shigar da sashen littattafan Samowa da hannunta. Aka amince bisa sharaɗin ta yi a lokacin hutunta.

Ba ta kammala ba guguwar Disambar 1991 ta yaye rufin ɗakin karatun, katunan suka jiƙe suka manne. Abin da ta riga ta shigar ya tsira, domin kwafinsa yana gidanta. Sauran ta sake shi daga farko, tana bin ƙauyuka tana tambayar dangin marubuta, har idanunta suka gaza. Ta yi ritaya a 2001.

A 2009 aka haɗe ɗakunan karatu na yankin a tsari ɗaya, aka ɗauki ƙa'idarta ta sunaye. Ba a ambace ta ba. Da aka gaya mata, abin da ta tambaya kawai shi ne wa zai duba wa masu shigarwar kurakurai.

Rasuwa

Ta rasu a 2016 tana da shekara saba'in da biyar, aka binne ta a ƙofar gidansu a Safotu, kusa da mahaifiyarta. Ta bar 'ya'ya huɗu: Sakaria, Mataua, Ioelu da Sieni. Ta kuma bar Iakopo, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana karanta mata jarida, yana tsallake labaran da ya san za ta yi musu gyara.