Mai Sayen Buhuna da Damina

A kasuwar Kafur, wani dattijo yana tsaye gaban mai sayar da tsofaffin buhuna, wandonsa a naɗe, jar laka ta bushe masa har gwiwa. Ya kasa natsuwa. Sai ya taɓa buhu, ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ya sake taɓawa. Da gani kwazazzabo ne ke cin gonarsa, tunda ruwan yanzu sai ya ɗauke sati uku, ya zube yini guda.

"Baba, kaka ba ta yi ba," in ji mai buhuna. "Me za ka zuba?"

"Ƙasa, ɗana, in tare ruwa. Masara in ta lalace, baɗi a sake shuka. Gonar da ta bi ruwa fa, wa zai dawo mani da ita?"