Zakaran da ya ci jan iri

Shekarar da malamin gona ya fara kawo mana iri mai magani a Afala, ina budurwa. Hatsi ne da aka cuɗa da wani jan gari don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Baba ya gama shuka, aka yi ragowar kusan tiya biyu. Inna ta ce ba za ta zuba ido hatsi ya lalace ba alhali ana iya dama hura da shi. Ta wanke shi sau uku, ruwan na fita ja wur, amma ta kasa zuba shi a turmi.

Gwaggo, yayar Baba, ta raba gardama: a ba zakara, in ya kwana uku da rai, mu ma mu sha.

Muka ɗaure shi a gindin rumbu muka zuba masa hatsin, ni da ƙanwata muna gadi. Kafin azahar matan unguwa sun cika gida da tabarminsu, ashe kowace na da tata ragowar a ɗaki. In zakara ya lumshe ido sai a yi tsit, in ya buɗe a fashe da dariya. Da ya yi kashi, Gwaggo ta duƙa ta tona da tsinke kamar lokotoron asibiti. Kashegari ya tsinke igiya ya bi kajin maƙwabta, muka rufa masa baya har bakin rijiya, zanena na kwancewa, ƙanwata ta zame cikin taɓo tana ta ƙyaƙyatawa.

Rana ta uku, zakara na nan garau, Inna ta ɗauko taɓarya ke nan sai ga malamin gona, labari ya iske shi a kasuwa. Ya so ya ɗaure fuska, ya kasa. Da ya gama dariya ya zauna ya yi mana bayani: maganin ba lallai ya kada mutum nan take ba, taruwa yake yi a jiki, wanki ba ya fidda shi, kuma ya fi cutar yara da masu ciki. Inna, da ke da tsohon ciki, ta jingine taɓarya a hankali.

"To, zakaran fa, malam?" in ji Gwaggo.

"Shi ma kada a ci shi, Gwaggo."

Baba ya tattara ragowar irin unguwa ya shuka a bakin gona. Zakara kuwa ya tsira daga wuƙa, ya yi ƙiba, ya addabi kowa da cara, har tsufa ya kashe shi.