Toka da Lemun Tsami

Shekara talatin Baba Direba ya yi yana tuƙa maigida. Da hannunsa ya fara rawa, sai aka karɓe makullin mota aka ba shi bokiti. Bai yi ƙorafi ba, tunda an bar masa ɗakinsa na bayan gareji, kuma ba shi da wani wurin kwanciya a duniya.

Gwanintarsa ɗaya ce, goge alminiyum ɗin da ya kewaye gilasan motar. In ya dafe, sai ya tankaɗe toka, ya matsa lemun tsami, ya naɗa tsumma a yatsa ya bi shi a hankali har ya ɗau ido. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta rufe masa gani. Da yatsa yake gane inda ya dafe.

Maigida ya rasu, ɗansa ya gaji gida. Yaron da Baba ya yi ta goyawa zuwa makaranta ne, amma ɗan kuka ya girma ya manta bayan da ya ɗauke shi. Ɗakin yake so ya zuba kaya, kunyar korar tsoho kawai ta hana shi. Ya lura Baba na laluben bokiti, sai ya kai motar wurin mai fenti, aka mayar da alminiyum ɗin baƙi ƙirin.

Da safe Baba ya yi aikinsa kamar kullum. Yaron ya tara matarsa da mai gadi da kuku.

"Baba, ya ka ga ƙarfen yau?"

"Kamar madubi, ranka ya daɗe. Har fuskata nake gani."

Matar ce ta fara tuntsirewa da dariya. Kuku da mai gadi suka taya ta, don su ma ɗakunansu aro ne. Ba a taɓa jin dariya mai muni irin wannan ba.

Yaron ya ce, "Gidan nan ba asibitin ido ba ne. Kawo makullin ɗakin."

A bakin ƙofa mai gadi ya gaya masa abin da aka yi. Baba ya rataya jakarsa, sannan ya miƙa masa tsumman.

"Ka gaya wa wanda za a ɗauka, fenti ba ya son toka. Ruwa kawai."

Mai gadi ya goge takalminsa da tsumman, ya ja ƙofa.