Barcin Mai Soso a Bayan Kunkuru

Ƙanena ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa mutane katifa, shi kuwa bai taɓa jin daɗin gado ba. Mai Soso kowa ke kiransa, har matarsa. Shagonsa wani lungu ne a bayan layin kafintoci, soso jibge har rufi, ga keken ɗinki mai ƙafa, ga doguwar wuƙa da yake wasawa a jikin dakali. Ƙurar soso da warin gam ya shaƙa tun yana saurayi, su suka cinye masa ƙirji. In ya miƙe a gado sai numfashi ya sarƙe shi, ya tashi ya jingina da bango, a haka gari zai waye masa.

Ana nan ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta sama, don kai wa mutane kaya. Muka sa mata Kunkuru, domin mai keke ma wuce ta yake yi. Wata rana ta lalace masa kusa da wani tafki a bayan gari, dole ya kwana a cikinta kan ragowar soso. Da ya dawo, gidana ya fara zuwa.

"Yaya, jiya na yi barci."

Na ce, "Da can gadi kake yi?"

"Barci nake gaya miki. Rana ce ta tashe ni."

Daga nan abin ya bi jikinsa. Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, ya yanka soso daidai ƙirar motar, har da gurbin tudun taya hagu da dama. Ya ɗinka raga ya manna a tagogi saboda sauro. Duk ƙarshen mako sai ya rufe shago, ya ɗauki fatsa da buta da ɗan murhu da bargo, ya nufi bakin tafkin, wani lokaci da babban ɗansa, sa'ad da yake ƙarami. Kifi kam ban taɓa ganin ya kawo wanda ya kai tafin hannu ba. Barci yake zuwa yi.

Na taɓa binsa, don in ga abin da ke raba magidanci da gidansa. Kafin ya kashe mota sai da ya yi gaba ya yi baya har na ƙosa, yana neman gangaren da zai sa wajen kai ya ɗan fi wajen ƙafa tudu. Yana da wata kwalba mai rabin ruwa da yake kwantarwa a kan katakon ya duba. In bai yi masa ba, ya cusa dutse ƙarƙashin taya. Ya sauke gilas faɗin yatsu biyu, ya shiga, ya tokare ƙugunsa da tudun tayar, ya ja bargo. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya fara minshari, da rana tsaka. Na zauna ina korar ƙuda ina zaginsa, ko a jikinsa.

Matarsa takan ce ta auri direba marar fasinja. Ta yi mita har ta gaji, ta koma tana haɗa masa guzuri. Bayan ta rasu, yanar ido ta rufe masa gani, tuƙi ya gagara. Aka tura Kunkuru tsakar gida, ya sa aka ɗaga gefe ɗaya da bulo, ya ci gaba da kwana a ciki. Ya ce bai kai na bakin tafki ba, amma barci ne.

A lokacin babban ɗan nasa ya zama mai shagon tayil na daɓen gida, hannunsa ya kama. Ya rushe gidan ya sake shi, ya gina wa uban ɗaki, komai fari ƙal kamar asibiti. Ita kuwa Kunkuru tana nan a tsakiya, tayoyi sun sace, tsatsa ta ci ƙofofi. Ya zo ya same ni.

"Gwaggo, ki yi masa magana. Ko'ina na shiga sai an tambaye ni wai gaskiya ne babana a mota yake kwana."

"Ka ce musu gaskiya ne, kuma yana barci. Su je su tambayi nasu iyayen."

"Ɗaki fa na gina masa, da fanka, da banɗaki a ciki."

"To ka shiga ka kwana, tunda ya burge ka."

Ba mugun ɗa ba ne. Kunya ce ta yi masa yawa, kunnensa kuma na waje. Ranar da aka kwantar da uban za a kankare masa yanar idon, sai ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ja motar. Amma kafin su ja, shi da kansa ya ciro katifar, ya sa aka yi mata sabuwar riga, ya ɗora ta a kan sabon gadon. A tunaninsa barcin a cikin soson yake.

Abin da ƙanena ya fara gani tangaran da sabon idonsa shi ne tabon baƙin mai a ƙasa, da bulo biyu.

"Ina Kunkuru?"

"Baba, katifarka tana ciki. Ban bari kowa ya taɓa ta ba."

Ya leƙa ɗakin. Ga ta a tsakiyar ƙaton gado, gefe da gefe a yanke kamar burodin da ɓera ya gutsura. Ya ce, "An gode."

Babu abin da ba a gwada ba. Aka sa bulo a ƙafafun gadon, aka tara filo, aka kwantar da kwalba. Kafinta ya sassaƙa wani tudu na katako wai ya maye gurbin na taya. Shi kansa mai abin ya kasa faɗin me ya ɓace. Abin da ya iya ce mini kawai, "Yaya, ɗakin ya yi faɗi. Rufin ya yi nisa." Na ja ƙafata har wurin masu ƙarafan, na tarar sun yanka motar. Ƙofar bayan ce kaɗai ta rage, wani ya jingine ta yana shan inuwa a ƙarƙashi.

Ya koma zaman kujera, dare da rana. Ya yi gyangyaɗi, ya zabura, ya sake. Ƙafafu suka kumbura, ido ya faɗa, ya fara kiran jikoki da sunan matattu. Ɗan ya ce zai sayo wata mota irin Kunkuru. Uban ya ce kada ya wahalar da kansa.

Wata safiya numfashin ya yi tsanani, ya kasa zama ma. Ɗan ya kwantar da kujerun bayan motarsa don a shimfiɗe shi a kai shi asibiti. Na ce a ɗauko katifar nan. Ba ta zauna daidai ba, amma ta shiga. Na takure a gefensa, na sauke gilas faɗin yatsu biyu. Kafin mu hau babban titi ya fara minshari.

A ƙofar asibiti ɗan ya kunna sigina. "Gwaggo, mun iso."

"Na gani. Ni ba a yi mini aikin ido ba."

Ya dubi uban ta madubi. "Numfashinsa fa..."

"Numfashinsa yana nan, kana jinsa. Barcin ne ya daɗe babu."

Masu gadi sun riga sun buɗe ƙofa. Ɗan ya kashe siginar, ya miƙe hanya. A hankali ya yi ta tafiya, manyan motoci suna danna mana hon, har muka fita gari. Tafkin an katange shi, wani yana gini. Ya sami gindin wata bishiya, ya yi gaba ya yi baya, ya fito ya cusa dutse ƙarƙashin taya. Ban ce masa ya yi ba. Muka zauna a ƙasa.

Sai da rana ta yi sanyi ƙanena ya buɗe ido. Ya ce, "An kama wani abu?"

Na ce, "Kamar kullum."

Daga nan muka kai shi. Likita ya yi faɗa son ransa. Bai cika mako ba ya rasu, a zaune, da roba a hanci. Allah ya jiƙansa.

'Ya'yansa mata sun ce jinkirin nan ne ya kashe ubansu, ko gaisuwar ɗan'uwan nasu da ƙyar suke amsawa. Wataƙila haka ne, ni ban san aikin likita ba. Shi kuwa har yau bai ɗaga kujerun bayan motar ba, katifar tana ciki, iyalinsa sai su cunkushe a gaba ko su hau haya. Matarsa ta zo ta ce in yi masa magana. Na ce na daina yi wa mazan gidan nan magana a kan mota.