Bugu Uku a Silin Osumanu

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasan bene a unguwar Maamobi ta Accra ya san mutanen sama ba su da tausayi. Shekara huɗu na yi a ɗaki da falo a bayan kasuwa, kuma matar da take samana fufu take sayarwa. Tun da hantsi ake fara daka, ba a ajiye taɓarya sai la'asar. Ni kuwa ɗinki nake yi a gida, don haka duk abin nan a tsakiyar kaina ake sauke shi. Na yi magana da lalama, na yi faɗa har muryata ta dushe, na kai ƙara wurin mai gida ya ce in yi haƙuri, zaman tare ne. Ran da garin siminti ya zubo mini a kan leshin amarya, na ce a nemo mini Osumanu kafinta.

Osumanu ɗan Nima ne, unguwar da take maƙwabtaka da mu, a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, fensir ba ya barin bayan kunnensa. Yana da wata ɗabi'a da take ba mutane haushi: kana yi masa magana sai ka ga ya karkata kai gefe guda, kamar akwai wani da yake saurara ba kai ba. Ya koyi aikin katako a Accra New Town, wurin wani tsoho mai yin ƙofofi da bencin masallaci. Da aka fara ɗora bene a kan tsofaffin gidajen unguwa, mutanen ƙasa suka fara kuka da na sama, sai ya gane inda abincinsa yake. Yau idan ana maganar silin da yake kashe ƙara, daga Nima har Tudu sunansa ake kira.

Kwana biyu ya yi a ɗakina, shi kaɗai, don ba ya son mai taya shi. Ya kafa katako a ƙasan kankaren, ya bar tazarar tafin hannu, kuma duk inda katako zai taɓa bango sai ya sa guntun robar taya a tsakani. Ya cusa soson tsohuwar katifa, ya bi shi da buhunan algarara, sannan ya rufe da falanki ninki biyu. Yana buga ƙusar ƙarshe na ji ɗakin ya yi tsit, har kunnena ya fara yi mini wani iri. Na kusa yin guɗa.

Sai na ga ya sake hawa benci da guntun bututun roba mai kaurin babban yatsa. Ya huda kusurwar silin ɗin, ya zura bututun har ya taɓa kankare. Nan take dakan fufu ya dawo, siriri, amma ga shi nan.

"Masa Osumanu, me ke nan kuma?" na ce, don mu nan Masa muke ce wa oga.

"Haka nike aiki, Anti Zuera."

"Shiru na ce ka yi mini, ka gama, ka zo ka huda shi? Ko kai da mai fufun kun haɗa baki ne?"

Bai yi dariya ba. Ya tattara kayansa cikin buhu, ya ce, "Kafra, Anti, ki yi haƙuri. Ban taɓa rufe silin ban bar huda ba, sai sau ɗaya. In kina son ki ga wannan ɗayan, ki zo gidanmu ran Jumma'a in an sauko masallaci."

Yana fita na cusa tsumma a cikin bututun. Amma ni Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf, ranar Jumma'a na yafa mayafina na tafi.

Gidansu yana can cikin lungu, inda sai ka karkace kafin ka wuce wani. Tsohon gida ne mai ɗakuna a jere, da bene guda a ƙurya, ɗaki ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Matarsa Nafi ce ta tarbe ni, doguwa mai sanyin magana. Ta shigar da ni ɗakin ƙasa, ta kawo ruwa. Rana tsaka ce, unguwa cike da hayaniyar masu dawowa daga masallaci, amma ana rufe ƙofa komai ya ɗauke. Silin ɗin ya tsufa, fentinsa ya yi rawaya, ba huda ko ɗaya a jikinsa. A gefen ƙofa an ajiye buta cike da ruwa.

Osumanu ya shigo da tabarmar sallarsa a hammata, ya zauna a ƙasa. Abin da ya gaya mini ke nan, ban ƙara gishiri ba.

Mahaifinsa, Malam Mas'udu, shi ya gina benen, ya ce a sama zai ƙare kwanansa don ya sha iska. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya cinye masa ƙafa ɗaya da rabin murya. Ba ya iya saukowa. A cikin ɗaki yakan ja wata kujerar katako yana dogarawa, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado, yini guda. In yana son ruwan alwala kuwa, sai ya buga sandarsa a ƙasa sau uku, wanda yake ƙasa ya hau da buta. Haka aka yi shekaru.

Sai Nafi ta haifi 'yarsu Salwa, jaririya mai saurin firgita. Kujera tana motsi a sama, yarinya ta tsala ihu a ƙasa. Nafi ta rame, ba barci, ba hutu. Osumanu ya ce ai shi kafinta ne, wannan ba abin da zai gagare shi ba ne. Ya zuba duk iyawarsa a silin nan, soso ninki uku. Ya saya wa tsohon ƙaramar waya, ya ce daga yau ba sai ya buga sanda ba, filashin kawai zai yi.

"Na yi alfahari da aikin nan sosai paa," in ji shi. "Har mutane nike kirowa su zo su ji shiru."

Shekarar dumso ce, lokacin da wuta take ɗaukewa ta yi yini da kwana ba ta dawo ba. Wata Jumma'a wayar tsohon ta mutu, ba wanda ya lura. Maza duk suka tafi masallaci. Da aka sauko, Osumanu ya biya bes ɗinsu, inda abokai suke zama a bakin titi ana dafa shayin ataya ana gardamar ƙwallo. Nafi tana ɗakin ƙasa, ta samu yarinya ta yi barci, ita ma ta miƙe. Da la'asar ya dawo ya hau sama, ya tarar da mahaifinsa a ƙasa tsakanin gado da taga, kujera ta kife a gefe. Sandar tana hannunsa. Robar gindinta ta yage, katakon ya tsattsage, tayil ɗin wurin ya farfashe. Likitan da ya duba shi ya ce bai daɗe da cikawa ba.

Na ce Allah ya jiƙansa. Nafi tana kallon yatsunta.

"Yanzu ki zauna nan," in ji Osumanu. Ya ɗauki guduma daga buhunsa ya fita. Na ji ya fara taka matakala, daga nan ban ƙara jin komai ba. Can ya dawo yana haki.

"Kin ji wani abu?"

"A'a."

"Sau goma na buga da ƙarfina. Na ja kujeran nan daga bango zuwa bango. Ba kowa a sama, Anti, na kulle, ga makulli." Ya ajiye shi a gabana a kan tabarma. "Silin nan ba ya barin komi ya wuce koraa, ko kaɗan."

Muka zauna. Ina kallon agogon bango, ƙarfe biyu saura kaɗan. Har na fara jin haushin kaina, mace da girmanta ta bar ɗinkin mutane ta zo tana gadin silin.

Sai aka buga.

Ƙwas. Aka ɗan tsaya. Ƙwas. Ƙwas.

Ba da ƙarfi ba. Bugun katako ne a kan tayil, a daidai saman kaina, kuma na uku ya fi sauran rauni, irin na hannun da ya gaji. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, tsoron da ban taɓa ji da rana tsaka ba. Makulli yana nan a gabana, ban ɗauke ido daga kansa ba.

Osumanu ya ɗaga kai, ya ce da ƙarfi, "Na'am, Baba! Ga ni nan!"

Ya ɗauki makulli da buta, ya fita da sauri kamar wanda ake jira.

Muka rage ni da Nafi. Na matsa kusa da ita ba tare da na sani ba.

"Kema kina ji?" na tambaye ta.

"Duk Jumma'a. Tun bayan sadakan arba'in." Ta nuna gadon da yake jikin bango. "A nan nike kwance ran nan. Barcin da na yi ya yi mini daɗi, Yaya Zuera, shi ne abin da ba ni iya mantawa. Tun daga ran nan ban ƙara kwanciya da rana ba."

Ta ce sun kawo malamai, an yi sauka, an yi hayaƙi. Wani ya ce ɓera ne, aka sa magani. Wani ya ce katako ne yake motsi saboda zafin rana, Osumanu ya tambaye shi wane katako ne ya san Jumma'a. Sau ɗaya ya cire silin ɗin gaba ɗaya, ya jibge soson a tsakar gida. Jumma'ar nan ba a ji komai ba a ɗaki. Ita ta yi murna, shi kuwa ya kasa cin abinci, kafin mako ya zagayo ya mayar da kowane guntu inda ya ciro shi.

Yanzu kuma wansa Habib, mai motocin haya a Tudu, yana so a rushe benen a gina shaguna. Duk 'yan'uwa sun yarda, saura Osumanu. An yi zama uku a kansa, har an fara cewa ya taɓu.

Ya dawo da buta ba ruwa. Ban tambaye shi inda ruwan ya tafi ba, ban kuma so in sani. Ya zauna, ya share fuska da hularsa.

"Masa," na ce, "kai musulmi ne. Wanda ya tafi ya tafi. Ba ka jin tsoron abin nan?"

"Ni ban ce Baba ne ya dawo ba. Baba yana kabarinshi, Allah ya sa ya huta." Ya nuna sama da haɓa. "Ke kin san soso. In kin zuba mai ruwa, ruwan bai ɓace ba, yana ciki. Ran nan Baba ya buga, bugun bai iso ƙasa ba, to ina ya je? Ni na sa abin da ya tare shi. Yanzu yana fitowa kaɗan-kaɗan, uku-uku, yadda ya saba kira. Kira ne da ba a amsa ba, Anti. In Habib ya rushe ɗakin nan, sauran za su tafi bola ba wanda ya ce na'am."

Ban san ko kafinta yana da gaskiya ba. Ni tela ce, ba malama ba. Amma na ji da kunnena, kuma na ga makulli.

"To sai yaushe?"

"Sai ya ƙare."

"Shekara nawa ke nan?"

"Tara." Ya daɗe yana juya butar a hannunsa. "Mutane suna tsammani ina jin daɗin abin nan. Wallahi duk Jumma'a a masallaci roƙona ɗaya ne, in dawo in zauna har la'asar in ji shiru. Ba don na gaji da hawa ba. Da farko na ɗauka sau goma ya buga, ko ashirin, ya haƙura. Duk ukun da na ƙara ji, na san Baba ya sake ɗaga hannun nan nashi guda ɗaya ya kira ni, ni ina can ina shan ataya. Shekara tara, Anti, bai gama kirana na yini ɗaya ba."

Nafi ta karɓi butar daga hannunsa, ta fita da ita wajen famfo.

Na koma gida. Ban ko cire mayafi ba na jawo benci, na hau, na zare tsumman da na cusa a bututu. Mai fufu tana nan tana daka, na tsaya a kan bencin ina saurarenta.